Koronar da Mama Ba Ta Yi Ba

Mama ta daina jin wari da ƙanshi tun kafin mu taɓa jin kalmar korona. Ni ce shaida, don ni na kankare tukunyar. Gwaten acca ta ɗora, ta zauna dab da murhu tana gyaran yakuwa, gwaten ya kama, ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gida har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, ita kuwa tana zaune abinta. Wannan fa matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana sayar da busasshiyar citta a kasuwar Kafanchan ce, wadda ko ba a kwance bakin buhu ba za ta gaya maka ruwa ya taɓa shi. Da na yi magana sai ta ce mura ce. Murar ba ta zo da tari ba, ba ta zo da majina ba, kuma ba ta tafi ba.

Daga nan sai ciwon kai, sai mantuwa, sai wani irin baki da ba mu san ta da shi ba. Mama da ko yaro ba ta iya aika ba sai ta haɗa da "don Allah", ita ce ta dubi matar fasto a bainar jama'a ta ce mata ɗaurin ɗankwalinta ya yi muni. Wata safiya kuma ta faɗi a makewayi tana jijjiga, kumfa na fita daga bakinta. Ni kaɗai ce a gida. Daga baya na gane cewa a cikin danginmu akwai masu ganin wannan ma sa'a ce.

Mu uku ta haifa. Yayanmu yana aiki a Abuja, autarmu tana wurinsa tana jiran aure, sai ni ta tsakiya, malamar firamare, wadda aurenta ya mutu ta dawo gaban uwarta. Kowane gida da wanda ake cewa ai shi yana da lokaci. A namu ni ce.

Na kai ta wani asibiti a Jos, aka saka kanta cikin na'ura aka ɗauki hoto. Likitan ya nuna mini wani farin dunƙule a hoton, ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ta gaba, bayan goshi, kuma ya zauna daidai kan jijiyar da ke kawo wa mutum ƙanshi. Ya ce shi ya canza mata hali, shi ya kayar da ita. Ya ce ana iya cire shi, har ya sa mana rana. Kafin ranar ta zo aka kulle gari saboda korona. Aka rufe makarantu da coci-coci da hanyoyin shiga jiha, asibitin kuma ya ce duk aikin da ba na gaggawa ba a dakata da shi. Har yau ina so in ga fuskar wanda ya zauna ya yanke cewa abin da ke cin kan uwata ba gaggawa ba ne.

A waya na gaya wa Yaya sakamakon hoton.

"Ka ji ni da kyau," in ji shi. "Zancen kai ɗin nan kada ya fita daga gida. Ko fasto kada ya ji."

"Don me, Yaya?"

"Ka manta mutanen Kagarko masu neman auren auta suna kan bincike? In sun ji Mama yana faɗuwa, za su ce farfaɗiya ne a jininmu. In sun ji ƙwaƙwalwa, za su ce hauka. Kana so ka kashe auren yarinyan nan?"

A wajenmu ba a ɗaura aure sai dangin miji sun aiko tsofaffi sun shaƙi labarin gidan amarya. Ba ku za su tambaya ba. Maƙwabta za su bi, da 'yan coci, da abokan kasuwa, suna hira kamar ba komai, suna neman ko akwai hauka ko farfaɗiya ko sata a zuriyar. Ban ce Yaya ƙarya ya yi ba. Na san gidan da 'yan matansa suka tsufa a ɗaki saboda kakarsu ta taɓa faɗuwa a gona sau ɗaya. Don haka na amsa masa da to. Na ɗauka shirun na 'yan makonni ne, a buɗe hanya, a yi aiki, in ya so mu ce hawan jini ne.

Ashe Mama ta riga mu magana. Tun kafin kulle ta gaya wa mata a bakin famfo cewa hancinta ya mutu, ba ta jin komai. A lokacin dariya aka yi. Sai ga rediyo ya fara lissafa alamomin sabuwar cutar, har da daina jin ƙanshi. Wata ta tuna da maganar bakin famfo, wata ta tuna an ga mun tafi asibiti Jos mun dawo ba mu ce wa kowa komai ba. Kafin a jima duk layinmu ya san cewa Mama ta kamu da korona. Mai kantin da muke sayen sabulu ya fara miƙo mini kaya da tsinin yatsu. Yara suna wucewa ta ƙofarmu da gudu, hannu a hanci.

Na kira Yaya raina a ɓace, ina tsammanin zai ce in fita in ƙaryata. Sai na ji ya sauke ajiyar zuciya.

"Kai, Ubangiji ya buɗe mana hanya. Bar su a kan haka. Korona yana wucewa, ba a gadonsa. Babu wanda zai fasa aure don korona."

Haka aka zaɓa wa uwata cuta kamar ana zaɓen zane a kasuwa. Ta gaskiyar za ta ɓata sunan gida, ta ƙaryar kuwa ba ta ɓata komai ba sai ita da ni, mu da muke cikin gidan. Wanda ya yi zaɓin yana Abuja, inda babu wanda ke tsallake titi idan ya hango shi.

Sai an san wace ce Mama a zumuntar mata ta cocinmu kafin a gane abin da aka ɗauke mata. Tun ina goye take cikin zumuntar. Kowace Talata da yamma za su ɗaura zanensu iri ɗaya, su ɗauki tulun kiɗa da caki, su bi gidajen marasa lafiya. Ba sa zuwa hannu sake, ko garin kunu ne ko sabulu. Za su zauna a gefen tabarmar mara lafiya, su yi waƙa, su ɗora masa hannu a ka su yi addu'a, su tambayi mai jinya ko ta ci abinci. Mama ce mai ba da waƙa. Ta shiga ɗakin masu tarin fuka, ta wanke matan da 'ya'yansu suka gudu suka bari, ta taka da ƙafa har ƙauyukan bayan Godogodo lokacin da babu mashin. Muna yara mun sha cin tuwo da sanyi ranar Talata saboda uwarmu tana gidan wani.

Ƙarin ya cinye mata abubuwa da yawa, amma ya daɗe bai taɓa Talata ba. Ban san yadda take ganewa ba. Da azahar za ta ce in ɗauko mata zanen zumunta, ta ɗaura, ta sa in fitar mata da kujera tsakar gida ta fuskanci ƙofa. A ganinta lissafin a fili yake. Ita ce mara lafiya yanzu, don haka layi ya zo kanta.

"Ba su iso ba?"

"Akwai dokar kulle, Mama."

"Dokan ya hana gaisuwa?"

Dokar ta hana taro, gaskiya ne. Amma a ranakun da ake sassautawa a je kasuwa, da idona na ga matan zumunta bibbiyu, da takunkumi a fuska, suna shiga gidan wata maƙwabciyarmu da ta haihu, da gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya karye a ƙafa. Idan sun zo daidai ƙofarmu sai su koma ɗaya gefen titi. Wani lokaci mukan tarar da garin kunu a kan katanga, a ɗaure cikin leda, don kada a ce akwai kwanon da za a mayar. Ina ɗauka in kai wa Mama in ce ga saƙon ƙawayenta. Sai ta juya ledar a hannu ta ce, "Su ɗin fa?"

Na ji haushin matan nan har na daina amsa gaisuwar da suke ɗago mini daga nesa. Na san tsoro ne, na san mu muka bar su cikin duhu, amma sanin bai rage mini komai ba. Matar da ta shiga ɗakin masu tarin fuka saboda su, ko leƙe ta taga ai ta cancanta.

Watanni suka yi ta tafiya. Masu korona na gaskiya suna warkewa ko su mutu, tamu kuwa ta ƙi yin ko ɗaya. Na ce wa Yaya ƙaryar ta fara tsufa. Ya ce in ce irin mai daɗewa ce. Yakan kira da yamma ya tambaya, "Mama ya ci abinci? Ya sha magani?" Daga nan sai ya ce in yi ƙoƙari, Ubangiji yana gani. Ko sau ɗaya bai tambaya ko ni na ci ba. Auta kuma idan ta kira kuka take yi, ta ce, "Wayyo Anti, duk saboda ni ne," sai in koma ina lallashinta, ni da nake neman mai lallashina.

Ni ke yi wa Mama wanka, ni ke wanke zanen da ta ɓata, ni ke riƙe kanta idan jijjigar ta zo, in kuma rufe taga tukuna don kada maƙwabta su gani. Wannan rufe tagar ya fi komai ci mini rai. Uwata tana birgima a ƙasa, ni kuwa sai na fara gudu wajen labule. Bakinta kuma bai bar ni ba. Ina ba ta kunu za ta dube ni ta ce, "Shi ya sa mijinka ya kore ka, hannunka ba albarka." Likita ya riga ya gaya mini ƙarin ne ke magana, ba ita ba. To, amma da muryarta yake maganar. Sai in ajiye kofin, in zaga bayan gida gindin mangwaro, in zagi Yaya, in zagi mutanen Kagarko da ban taɓa gani ba, in zagi cutar da ta rufe hanya, in share fuska in dawo in ci gaba da ba ta kunun. Akwai ranakun da na roƙi Allah ya ɗauke ɗayanmu, ban kuma damu da wacce ba.

Da damina ta yi nisa idonta ya fara dushewa. Ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban yi wayo ba, wani lokaci kuma ta ce mini "yarinya" kawai. Na samu likitan a waya. Ya ce har yanzu ba a buɗe ɗakin tiyata ga irinmu ba, amma in riƙa yi mata hira, kuma mutanen da ta saba da su su riƙa zuwa, hakan yana riƙe hankalin mara lafiya. Na yi dariya har ya tambaye ni ko lafiya. Daga ranar na san abin da nake tsere da shi. Ina so matan nan su shigo gidanmu tun Mama tana iya gane fuskokinsu, ta san ba a banza ta yi ta yawon Talata ba.

Aka sassauta kulle, aka ɗaura auren auta a Abuja da mutane kaɗan. Uwar amarya ba ta je ba, kowa kuma ya fahimta, ai korona. Na ga hotuna a waya. Yaya ya yi kyau cikin babbar riga. Washegari na kira shi na ce to, an ɗaura, yanzu zan faɗa.

"Ka ɗan dakata," in ji shi. "In surukai sun ji yanzu za su ce mun ruɗe su. Bari yarinyan ya zauna da kyau, ko ya samu ciki tukuna."

Na dubi Mama. Talata ce, tana zaune a kujerarta ta fuskanci ƙofa, ta ɗaura zanen a baibai. Rabon da ta tambaye ni ko sun iso har na manta. Na kashe wayar ba sallama, na roƙi Mama ta zauna kada ta tashi, na ja ƙofa na nufi gidan uwar zumunta.

Uwar zumunta ƙawar Mama ce tun suna amare, tare suka yi goyon fari. Tana shanya masara a tsakar gida ta hango ni, sai ta ja takunkuminta daga haɓa zuwa hanci ta matsa baya. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce mata ta kwantar da hankalinta, babu korona a gidanmu, ba a taɓa yi ba. Na gaya mata komai, ƙarin, da faɗuwar, da hoton Jos, da mutanen Kagarko. Rabona da faɗa wa wani mahaluƙi gaskiya ido da ido tun kafin kulle.

Ta zauna a kan buhun masara ta sauke takunkumin.

"Yesu. 'Yata, me ya sa ba ku faɗa ba? Ƙari ai ba ya kama mutum. Da mun sani, ko soja ne a ƙofa za mu shiga."

Na so ta ce wani abu dabam. Da ta ce ko sun sani ba za su zo ba, da na samu inda zan ajiye haushina. Sai ga shi ta nuna mini cewa ƙofar da muka yi watanni muna kallo, daga ciki aka kulle ta.

Talata ta gaba suka zo, kuma ba bibbiyu ba. Tun daga kan kwana na jiyo tulun kiɗa. Suka cika tsakar gidanmu da zane iri ɗaya, da garin kunu da sabulu da doya, har da kaza. Wasu suna ganin yadda Mama ta rame suka fara share hawaye da bakin zane. Uwar zumunta ta durƙusa a gabanta ta kama hannuwanta biyu ta kira ta da sunan da suke kiran juna tun suna amare.

Mama ta dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo a mota. Ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gane ko ɗaya ba.

Suka fara waƙa duk da haka, don ba su san abin da za su yi ba in ba ita ba. A baiti na biyu sai na ji muryar Mama. Ta karɓe waƙar daga bakin mai bayarwa, ta ja ta yadda ta saba, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba, matan suna amsawa suna kuka. Na ce a raina to, ko wannan ma wani abu ne. Da aka gama, uwar zumunta ta miƙa hannu za ta ɗora mata a ka don addu'a, sai Mama ta kauce, ta gyara zama, ta waiwaya hagu da dama.

"Wane ne ba lafiya a gidan nan?"

Idonta da bai gani sosai ya yi ta yawo har ya tsaya a kaina, ni da nake tsugune a bakin ƙofar ɗaki, ba zanen zumunta a jikina, ƙasusuwan wuya a waje. Ta miƙe da kyar, ta dafa kafaɗar wata, ta tako har inda nake. Ta ɗora mini hannu a ka ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙi Ubangiji ya taɓa wannan baiwa tasa, ya ba ta barci, ya ba ta masu taimako. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci.

Ba a yi tiyatar ba. Lokacin da layi ya zo kanmu likita ya sake ɗaukar hoto ya ce abin ya wuce inda wuƙa za ta kai, Mama kuma ba ta ga wata damina ba. Matan zumunta sun ci gaba da zuwa har ƙarshe, ban hana su ba. Auren auta yana nan lafiya, surukan ma da suka ji cewa suka yi Allah ya ji ƙanta. Yaya ya yi jawabi mai kyau a wurin jana'iza. Har yau bai ce mini komai a kan watannin nan ba, ni ma ban tayar ba, muna gaisawa a waya lokacin Kirsimeti.

Amma a waccan Talatar ta farko, da matan suka tattara tulunsu za su tafi, Mama ta bi sahunsu, don a saninta ziyara ta ƙare, saura gida na gaba. Na riƙe ta a bakin ƙofa na ce ta tsaya. Ta juyo ta kama hannuna da hannu biyu, ta rage murya don kada sauran su ji kunya.

"Ka yi haƙuri, 'yata," in ji ta. "Mun ji labari tun tuni. Ba mu kyauta ba da muka bar ka kai kaɗai."

A duk waɗanda ke da hannu a abin da ya same mu, ita kaɗai ce ta taɓa ba ni haƙuri.